Katin Iya Fatu

Ni ban san fuskar Iya Fatu ba sai bayan an gama cutarta. Hannunta na sani, na hagu, daga tsintsiyar hannu zuwa dantse. Kada wani ya yi saurin zagina. A lokacin, shekara guda ke nan da samun mulkin kai, ni ne malamin ɗakin shan magani a Rano, kuma tsohuwar da ta isa haihuwarka ba ka tsare ta da ido. Za ta zauna a benci ta ja mayafi, ta juya fuska wajen bango saboda namijin da ba muharraminta ba zai taɓa ta, sannan ta miƙo hannu. Kai kuma ka dubi hannun ka yi aikinka. Ranar kasuwa mutum saba'in na jira a baranda, wa ke ta leƙen fuska?

'Yarta Lubabatu, wadda ke aure a Kano, ita ta fara kawo ta. Daga Tarai suka taho, can ƙasar Kibiya, tare da yayan Lubabatu, Ɗalhatu, wani mai awon gyaɗa da ya fara jin ƙamshin arziki, ga babbar riga ta sha bugu, ga hula an kafa ta a goshi. Lubabatu ta ce uwarsu na fama da ciwon ƙeya da jiri, wani lokaci har tana ganin duhu-duhu da rana tsaka.

Likitan da ke zuwa mana rangadi bai daɗe da bar mini abin awon jini ba, irin mai zaiba a cikin gilashi, ina ji da shi ƙwarai. Na naɗa ƙyallen a dantsenta, na matsa robar, na kasa kunne. Zaiba ta haye inda ban taɓa ganin ta kai ba a jikin mutumin da ya shigo da ƙafarsa. Na kama jijiyar hannunta ina duban agogo. Sai ta buga shida ko bakwai ta ɗan tsaya, kamar mai daka ta dakata ta gyara zani, sannan ta ci gaba. Daidai inda yatsana ya sauka akwai wani farin tabon ƙuna mai faɗin kwabo.

Na yi musu bayani dalla-dalla. Kada ta ƙara ɗaukar kaya a ka, kada ta sunkuya jan guga, a rage mata gishiri da kanwa, ga ƙwaya ɗaya da safe ɗaya da yamma. Abin da ya fi duka, a riƙa kawo ta duk ranar kasuwa ina aunawa, domin wannan ciwo ba ya sallama kafin ya kayar da mutum, awo ne kaɗai ke tona shi.

Lubabatu ta ce ita ba ta san boko ba, ta yaya za ta gane abin da na rubuta? Sai na kawo wata dabara da na yi ta alfahari da ita. Na ce ran da jini ya hau zan rubuta a katin da jan tawada, ran da ya sauka in rubuta da baƙa. Ta ce madalla, mijinta direban babbar mota ne, duk ranar kasuwa yana Rano, a riƙa nuna masa katin ya kai mata labarin launi. Sannan ta juya wajen yayanta.

"Yaya, in na ji ja uku a jere, zan zo in tafi da ita Kano. Na faɗa maka a gaban Malam."

Ɗalhatu ya yi dariya ya ce Allah ya sawwaƙe, ai ba za a kai ga haka ba. Na lura dariyar ba ta wuce leɓensa ba, amma mai zuwa na gaba ya riga ya zauna, na manta.

Ranar nan na rubuta ja. Mako na biyu Ɗalhatu ya kawo ta shi kaɗai, na sake rubuta ja. Ya daɗe yana kallon katin, har ya tambaye ni ko tawadar baƙa ce ta ƙare mini. Na ce tana nan, jinin ne bai sauka ba.

Mako na uku tsohuwa ta shigo cikin mayafin nan nata mai ruwan ƙasa, ta juya bango, ta miƙo hannu. Zaiba ta tsaya a daidai, tsaf, kamar ta budurwa. Na sake aunawa, haka dai. Na tsoma alƙalami a baƙar tawada ina ta murna, har na gaya wa likita da ya zo cewa maganinmu ya yi abin mamaki. Ya ɗaga gira ya ce in ya ci gaba a haka in rage ƙwayar. Mako na biyar na mayar da ita ɗaya a yini. Mako na bakwai na tsayar da ita gaba ɗaya. Da hannuna na yi wannan, ba wanda ya tilasta ni.

To, amma wani abu ya riƙa yi mini susa a rai. Jinin da ya kai can ba ya faɗowa dare ɗaya ya zauna daram. Kuma in na tambaye ta ciwon ƙeya, kafin ta buɗe baki Ɗalhatu ya amsa mata: ya tafi, Malam, barci take har da minshari. In na tambayi jiri, shi ne dai. Kullum kuma sai rana ta take, baranda ta cika maƙil, sannan za su shigo, yana tsaye a kanmu yana cewa mota za ta tashi. Da na ajiye alƙalami zai fizge katin ya nufi tasha wajen surukinsa.

A mako na takwas na ce yau sai na ƙirga jijiya, ko mota ta tashi. Na riƙe hannun minti guda cur. Ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Na ƙara minti guda. Na duba inda yatsana yake, fata lumui, babu tabo. Na ce a raina ko dai na dama ne mai tabon? Na ce ta ba ni ɗaya hannun. Ɗalhatu ya yi caraf ya ce wannan hannun yana mata sanyin ƙashi, ba ta son a taɓa. Tsohuwa ta ƙara dunƙulewa a mayafi.

"Iya, yaya sunan 'yarki ta Kano?"

Daga cikin mayafin wata siririyar murya ta ce, "Lubabatu." Ɗalhatu ya ce ashe yanzu har da jarrabawa ake yi wa marasa lafiya. Kunya ta kama ni. Wane ne ni da zan ce wa tsohuwar mutane buɗe fuskarki in gani? Na rubuta baƙi, suka fita. Amma ranar nan tuwo bai yi mini daɗi ba.

Bayan kwana huɗu aka tura ni yin lambar agana a ƙauyukan Kibiya. Ban san abin da ya sa ba, na ɗaure akwatin awon jinin a bayan keke, abin da ban saba yi ba. Kai, ƙarya nake, na san abin da ya sa.

Na isa Tarai wajen azahar, ƙishirwa ta dame ni, na tsaya a bakin rijiya. Ba kowa sai wata tsohuwa tana jan guga. In ta ja kamu uku sai ta tsaya ta dafa bakin rijiya, ta runtse ido, ta girgiza kai. Ƙafafunta sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Na yi sallama na roƙi ruwa. Ta zuba a ƙoƙo ta miƙo mini da hannu biyu, sai ga farin tabon nan mai faɗin kwabo.

Ban sha ruwan ba. Na ce, "Iya Fatu?" Ta dube ni, ta gane ni, ta yi maza ta ja gefen zani ta rufe hannun. Na lallashe ta ta zauna a gindin wata tsamiya, na kama jijiya. Shida, bakwai, tsayawa. Na kwance akwati na auna. Ya wuce na ranar farko.

Na tambaye ta rabonta da Rano, ta ce an kwana biyu. Na tambayi wa ke zuwa da mayafinta, ta ce ita ba ta san zancen mayafi ba, wanki dai aka karɓa. Na ce tulu nawa take ɗauka a yini, ta ce 'yan kaɗan ne, ai motsa jiki ne. Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunan Ɗalhatu ba, domin ɗan farinta ne, alkunya ba ta barin ta kama sunansa, balle ta kai ƙararsa. "Mai gidan" take cewa. Mai gidan yana ƙoƙari, mai gidan hidima ta yi masa yawa.

Na ɗora tulun a kan keke na tura har ƙofar gidan, tana biye da ni tana roƙona in sauke kada mutane su gani. A zaure na sami wata tsohuwa tana kaɗi. Da ta gan ni mazarin ya suɓuce mata. Ban tambaye ta ba, na dubi hannunta na hagu kawai, na gane abokin aikina na mako shida. Sunanta Jumai, ƙanwar mahaifin Ɗalhatu ce, mijinta ya rasu, tana zaune a wani ɗan ɗaki a maƙwabta.

Daga bakinta na ji sauran, tana yi tana waiwaye. Bara, da gyaɗa ta yi kyau, Ɗalhatu ya ɗaga katanga ya sa matansa biyu a kulle, don a san shi ma ya zama mutum. Kafin nan su ke zuwa rijiya. Da aka kulle su, sai aka rasa mai fita, 'ya'yan gidan kuma daga na goye sai mai tatata. Tsohuwa kuwa kulle bai hau kanta ba. Saboda haka ruwan gida duka ya dawo wuyanta, tulu takwas, ran wanki goma sha biyu. Ita ce itace, ita ce kai niƙa, ita ce ɗaukar ƙuli-ƙulin matan zuwa kasuwar Kibiya. In Lubabatu ta tafi da ita, kullen ya rushe ke nan.

Jumai ta ce da farko ƙwayar da nake bayarwa tana isa ga mai ita, ana samun sauƙi. Da na rage sai ciwon kan ya dawo. Da na tsayar sai haɓo ya fara, jini ta hanci har ya jiƙa kallabi. Sau biyu tana faɗuwa a hanyar rijiya, na biyun har tulu ya fashe, Ɗalhatu ya aiko da sabo daga kasuwa, ya ce a zaɓo mata mara nauyi. Yanzu sallah ma a zaune take yi, don in ta yi ruku'u ƙasa juyawa take. Matan kuma in ruwa ya yi jinkiri sai su aiko a duba ko Iya ta tsaya hira.

Na ce, "Ke kuma, Goggo, me ya kai ki?"

Ta ce an gaya mata taimako ne, hanya ta yi wa Fatu nisa, ita ta je ta karɓo mata magani. Da ta fara gane abin da ake ciki ta so ta janye, sai aka tuna mata wa ke aiko mata da hatsi.

Ana haka sai ga Ɗalhatu. Ya gan ni, ya ga akwatin, ya ga goggonsa tana sharar hawaye. Wallahi ko a jikinsa. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya yi mini sannu da rana, sannan ya shiga jero dalilai. Ya ce tausayi ne ya sa, tafiyar Rano a kan jaki tana jijjiga tsohuwa. Na ce rijiya fa? Ya ce ita ce ba ta son zama, in an hana ta aiki fushi take. Ya ce jinin tsofaffi ai kusan ɗaya ne, tuwo ɗaya suke ci da Goggo, ruwa ɗaya suke sha. Na ce ya sami ɗan ga-ruwa. Ya ce subhanallahi, ƙato ya riƙa shiga gidan kulle? Na ce to shi ya ɗebo. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce kafin zuwan gilashin Nasara tsofaffi na rayuwa, kuma kwana in ya ƙare ba tawadar da za ta ƙara shi.

Na ce zan sami direban nan ranar kasuwa in gaya masa komai. Nan ne muryarsa ta sauka. Ya kama hannuna ya ce in rufa masa asiri, kada in raba zumunci, ya yi kuskure kuma ya gane. Ya rantse ranar kasuwa da kansa zai kawo ta, ita ɗin, daga yau kuma ba ta ƙara taɓa guga. Daga bayan ƙofa na ji muryar Iya Fatu.

"Malam, don Allah kada ka gaya wa yarinyar nan. Ka bar mini 'ya'yana su zauna lafiya."

Ba ni da ƙwaya ko ɗaya a jaka, kayan lamba kawai na ɗauko. Na ce gobe a aiko Rano a karɓa. Na hau keke ina waiwaye. Kafin in fita gari na hango ta ta fito da tulu, tana bin jikin katanga don kada in gan ta. Na tsaya, na sa ƙafa a ƙasa, sannan na ce bari dai in ba shi kwana ukun da ya roƙa. Wannan shi ne wautata ta biyu, kuma ta fi ta farko.

Ba wanda aka aiko. Ranar kasuwa tun da hantsi nake leƙen hanya. Wajen la'asar sai ga mutum huɗu ɗauke da gadon kara, Ɗalhatu na gaba. Iya Fatu ce a kai, wai jiya da safe ta faɗi a bakin rijiya da igiya a hannu. An kwana ana yi mata hayaƙi da tofi, wai iska ce ta buge ta. Bakinta ya karkace, miyau na zuba, idonta na bina amma magana ta ƙi fita. Na ɗaga hannun hagun, mai tabon, na saki, ya faɗi kamar tsumma. A ranar na fara kallon fuskarta sosai. Kyakkyawar tsohuwa ce, mai zane uku a kowane kunci.

Ina cikin naɗa ƙyalle a ɗaya dantsen, Ɗalhatu ya matso kusa da kunnena ya ajiye katin a tebur. Ya ce surukinsa na tasha. Ya ce tunda abin ya riga ya faru, ƙaddara ce, in rubuta baƙi na yau kawai, shi zai san yadda zai sanar da Lubabatu a hankali.

Na buɗe kwalbar ja. Na rubuta na yau, sannan na bi layukan nan shida ɗaya bayan ɗaya na soke su, na rubuta a gefe cewa ba jininta ba ne. Na bar mutane a baranda na tafi tasha da ƙafata na damƙa wa direban katin, na gaya masa komai, har da nawa laifin.

Washegari Lubabatu ta iso. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta kuma ɗaga murya ba, da ma ta yi. Ta ce duk mako mijinta na shigowa yana cewa baƙi ne, ita kuma tana yin sadakar ƙosai don godiya. Ta ce sau biyu ta shirya zuwa duba uwarta, sai ta ce tunda baƙi ne bari ta bari sai bayan kaka.

"Malam, ni ban yarda da Yaya ba tun farko, shi ya sa na ce a rubuta. Da kai na yarda. Mako shida kana riƙe da hannun mace, ba ka san ba uwata ba ce?"

Lubabatu ta tafi da uwarta asibitin Kano a gaban motar mijinta. Iya Fatu ta yi wata huɗu a kwance, ba ta ƙara furta kalma ba, sannan Allah ya karɓi abarsa. Aka yi zaman makoki a Tarai, na ji an ce Ɗalhatu ya yanka sa, mutane suna ta yaba yadda ya kula da mahaifiyarsa, duk mako yana kan hanyar asibiti da ita.

Tun daga lokacin duk tsohuwar da ta zauna a bencina sai na ce, Iya, yi haƙuri, juyo in ga fuskarki. Wasu su yi tsaki, wasu su ce yaron nan ba shi da kunya. Na yarda, ba ni da ita. Kunyar nan ce aka yi sata a cikinta, tawa da ta Iya Fatu duka, kuma wanda ya yi satar ya san mu sarai.

Bayan kaka, wata ranar kasuwa, wata tsohuwa ta shigo ita kaɗai, ta zauna, ta yaye mayafi tun kafin in roƙa. Jumai ce. Ta rame, wuyanta ya shige, gashin tsakar kanta ya cinye inda gammo ke zama. Ta ce Ɗalhatu ya dawo da ita cikin gidan, wai bai kamata goggonsa ta zauna ita kaɗai ba. Ɗakin Fatu aka ba ta. Na tambayi katanga, ta ce tana nan, an ma ƙara mata tsawo.

Ta ce kwanan nan ƙeyarta na sarawa. Na auna. Hannun da ya ba ni baƙi sau shida, ranar nan ja ya ba ni. Na buɗe mata sabon kati, na tambaye ta wa za a riƙa nuna wa. Ta ce ita ba ta da 'ya a Kano, ba ta da ita a ko'ina. Ta naɗe katin ta ƙulle a bakin zani, ta miƙe tana dafa tebur.

"Ka dube ni da kyau, Malam," in ji ta. "In ka ga wata ta zo da katin nan, ka hau kekenka. Ka san rijiyar."